Mahaya Biyar a Bayan Gingimari

Wallahi sai da na yar da burushi na yi tsalle! Ku dai tsaya ku ji. Gingimari ce sabuwa fil, bodin katako, ko ƙusa ɗaya ba ta yi tsatsa ba, katakon ma bai bar ƙamshin zarto ba, aka nuna mani allon bayanta aka ce, "Sabi'u, ga shi nan, naka ne." Ni da ban taɓa zana abin da ya wuce bangon shagon aski da allon mai shayi ba!

Ku samarin nan da ke tsayawa bakin rumfata kuna cewa, "Ai zane ba wuya, ni ma ina yi a bayan littafin makaranta," don ku nake ba da labarin nan. Ban girme ku da wani abin kirki ba, na sani. Amma na sha abin da ba ku sha ba tukuna. Doki mai ƙafa huɗu da wutsiya kowa ya iya zana shi. Abin da dokin zai faɗa wa mutumin da ya tsaya yana kallo, nan sana'ar take, kuma a jikin motar nan na koye shi.

Ba wanda ya koya mani zane. Da gawayi na fara, a bangon gidanmu da ke Gobarau, kowane zane da dukan da ke biye da shi. Burushina na farko gashin wutsiyar akuya ne, na roƙo wurin mahauta, na ɗaure da zare na cusa cikin bututun biro. Har gobe in ina son layi siriri kamar gashin ido, shi nake ɗauka, na kanti ba ya yi mani. Gwangwanin madara shi ne mazubin haɗa launi. Kananzir na tsinka fenti, tsumma na goge ɓarna, alli na fitar da siffa kafin launi ya hau. Kuma fenti iri biyu ne, kada wani ya ruɗe ku: na ruwa na ɗaki ne, na mai shi ke jure rana da damina. In ka sa na ruwa a allon waje, ruwan farko zai tafi da shi, mai shago ya biyo ka har gida.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kai, mun ga aiki! Kowane bango na gari sai da ya samu fuska. Mai neman kansila zai zo da hotonshi ƙarami, ya ce, "Malam mai zane, ka rage mani kumatu, ka ƙara mani haske, hular kuma ka ɗaga ta." Wani ma cewa ya yi in cike mashi giɓin haƙori, wai mata ba su zaɓen mai wawulo. Muna yi muna dariya, hannu bai bushewa. Ana gama rantsuwa kuwa, ɗif! Waɗanda suka ci suka shige GRA, waɗanda suka faɗi suka shige ɗaka. Ga fastoci na inji an fara kawowa daga Kano, dami-dami, har mai kemis ya gane ya fi mashi sauƙi ya manna takarda. Fenti ya yi tsada, gwangwanayena suka bushe har suka yi ɓawo. Shekarar nan na san ɗanɗanon garin kwaki ba sukari.

Malam Sule kafinta ne ya tsamo ni. Shi ke ƙera bodin manyan motoci a wani fili bayan tasha, dattijo mai gajeren gemu, fensir kullum a bayan kunne. Ya ba ni gefen rumfarshi ina rubuta lambar mota da "Allah Ya Kiyaye" a jikin ƙofa. Ran da aikin gingimarin nan ya zo, sai ya ja ni gefe.

"Sabi'u, buɗe kunnenka. Direbobi ba su da sirri. In zanen ya yi, kafin wata ya mutu motoci za su yi layi nan. In aka shafe shi, har Funtuwa sai an ji, ba mai sake ba ka ko madubi ka goge. Ni kuma sai in nemo wani in ba shi inuwar, don ba zan bar rumfa ta zauna banza ba."

To kun ji abin da ke gabana. Allo ɗaya, ko in zauna cikin sana'a ko in koma dako.

Mai motar Alhaji Lawal ne, dillalin shanu, mutumin Ƙofar Durbi. Ya zo da hantsi, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi tsofaffi, ya tambayi gajiya da sanyi da kasuwa, sannan ya dafa allon.

"Ba zaki nake so ba, ba jirgin sama ba, duk na gani a motocin mutane. Mahaifina nake so. Kafin a fara loda shanu a mota, su ke kora su da ƙafa har ƙasar kudu. Makiyaya na ƙasa da sanduna, shi da abokan fataucinshi huɗu suna bisa dawaki. Su biyar ɗin za ka zana mani."

Na ce, "Alhaji, akwai hoto?"

"Wane hoto? Ina ƙarami ya rasu, ni kaina ban riƙe kamanninshi ba. Kuma kada ka ƙirƙiro mani fuskar wani ka ce ubana ne. Ka yi yadda za ka yi."

Da ya tafi na zauna ina kallon allon. Mutum biyar, ba fuska. Can sai dabara ta faɗo mani, har na buga cinya: in zana su ta baya mana! Mai kallo yana bayansu, su suna gaba, kamar yadda duk mai ganin allon yake bayan motar. Na ce wa Malam Sule, ya cire fensir ya sosa kai ya ce, "Ƙila."

Katako sabo mayunwaci ne, in ka zuba mashi launi kai tsaye sai ya shanye ya bar maka dishi-dishi. Sai da na bi shi da sanfefa har tafin hannuna ya yi santsi, na cike ramukan ƙusa, na yi mashi farin shafe na bari ya bushe, na ƙara wani. Kafin ya bushe kuwa ba zama na yi ba. Akwai wani mai kiwon dawaki kusa da ganuwa, kullum da la'asar sakaliya ake maido su daga shan ruwa. Nan nake zuwa in tsuguna da alli da guntun kwali. Ku da kuke cewa ba wuya, kun taɓa kallon doki ta baya? Cinya ɗaya na hawa ɗaya na sauka, wutsiya ba tsakiya take tsayawa ba, kunnuwa kuma kowane da inda ya nufa. Na zana ɗuwawun doki ya fi a ƙirga, har mai dawakin ya ce ko aljani ne ya shafe ni.

Sama na fara, don kullum abin da ke nesa shi ake fara sawa. Na haɗa ja da ruwan ɗorawa da ɗigon fari, na zuba ta hannun hagu, na ja shi yana dusashewa har ya koma shuɗi-shuɗi ta dama. Kai, ranar launi ya bi ni! Na shimfiɗa hanya ta rairayi, da wata kuka guda can gefe. Sannan mahaya: na tsakiya bisa akawal, baƙi wuluk, shi ne mahaifin Alhaji, na ɗan fi ba shi faɗin kafaɗa. Biyu bisa jajaye, ɗaya bisa kili fari, na ƙarshe bisa hurde mai dabbare-dabbare. Kowa da malfa. Na rataya masu salkar ruwa a gefen sirdi, na ɗaura masu ƙunshi a baya don wurin ya cika, na ja inuwarsu dogo-dogo ta dama. Da na sauko daga kan benci na ja baya na duba, wallahi sai na ji kamar ƙarar kofato. Masu acaba suka fara tsayawa. Mai rake ya bar baronshi ya zo. Wani ya ce, "Kai, yaron nan maye ne!" Ni kuwa baki har kunne.

Sai ga Ɗanlami.

Ɗanlami shi ne direban da Alhaji ya ɗauka ma motar, dogo, baƙi, da tawul a wuya, ya yi shekaru yana bin hanyar kudu. Ya ratsa mutane ya tsaya, hannu a ƙugu. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tofar da asuwaki.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Oga Ɗanlami," ina jiran yabo.

"Kai ne? To Allah Ya isa tsakanina da kai. Mi na yi maka?"

"Subhanallahi! Mi ya faru?"

"Dibi nan. Rana ta faɗi. Sama ta yi ja kamar an yanka rago. Mutum biyar sun ba duniya baya, sun nufi inda ba gida ba gari, kuma duk cikinsu ba mai rai yau. Wannan shi za ka liƙa mani a ƙeya in hau kwalta da shi? Ai ka ida aikin kawai, ka rubuta 'sai mun zo' a ƙasa!"

Mutane suka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na ga mai raken nan ya sake kallon allon, fuskarshi ta canza. Wani ya ce, "Af, kuma fa haka ne." Kun ga abin da nake faɗa maku? Zanen bai motsa ba, launi ɗaya ban taɓa ba, amma magana ɗaya ta mai da shi makabarta. Waɗanda suka ce maye ne ni don yabo, yanzu suna kallona kamar da gaske suke.

Na ce, "Oga, ja ai ba jini kaɗai ba ne. Ja na gari ne, na wuta a murhu, na..."

"Na hatsari. Ni na san ja a kan hanya, kai a gwangwani ka san shi. Ban tuƙa ta."

Washegari tun da safe na hau benci. Tunanina shi ne, abin da ya tsorata Ɗanlami bayan da suka juya ne, ba mai kallon mutane. To bari ɗaya ya waiwayo. Na goge kan mahayin tsakiya da kananzir, na juyo da shi ta kafaɗa, na bar fuskar cikin inuwar malfa yadda ba za a ce ga kamanninshi ba, sai ɗan hasken gemu. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kamar zai ce maka, "Taho mana." Na ce shi ke nan, na kashe wutar.

Ashe fetur na zuba.

Alhaji Lawal ya zo da azahar, labari ya riga ya kai mashi. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Yana ganin allon ya ja da baya.

"Wa ya ce ka juyo da shi?"

"Alhaji, na ga kamar..."

"Kai ba ɗan fatake ba ne, ba ka sani ba. A gidanmu wanda ya ɗaura sirdi zai fita fatauci ba ya waiwaye. Ko ɗanshi ya faɗa wuta, ba a kiran shi ta baya, shi kuma ba ya juyowa. In ya juyo, an fasa tafiyar ranar, don an ce ya yi ban kwana ke nan. Da wannan aka raine ni. Shi ne za ka sa ubana ya waiwayo a bayan motar da ko lodin farko ba ta yi ba?"

Malam Sule ya matso yana ba shi haƙuri. Ya ce, "Alhaji, a tsaya tukuna. Wa ya ce fita ce? Ga rana nan ta hagu. In safiya ce, to kudu suka nufa, fita ce. In yamma ce, arewa suka fuskanta, gida za su. Sai a tambayi mai zanen."

Duk suka juyo kaina. Alhaji ya ce, "To faɗi. Fita ce ko dawowa?"

Jama'a, wallahi ban sani ba! Na san launin kowane kofato, na san inda na sa kowane ɗigo, amma ban taɓa tambayar kaina ina mutanen nan za su ba. Na zana su suna tafiya, shi ke nan. Ku riƙe wannan, ku masu littafin makaranta: kafin ka tsoma burushi, ka san daga ina mutumin zanenka ya fito, ina kuma ya nufa. In ba ka sani ba, mai kallo zai zaɓa maka, kuma ba lalle ya zaɓi mai daɗi ba.

Alhaji ya ce, "A shafe. Baƙi za a yi mata gaba ɗaya."

Malam Sule ya ce fentin kan bai bushe ba, in aka ɗora baƙi yanzu zai kwaɓe, sai an bari ya sha iska. Ga shi gobe Juma'a, an riga an gaya wa malamai da 'yan'uwa za a kai motar ƙofar gida mahaifiyar Alhaji ta sa mata albarka kafin ta fara aiki, kamar yadda ake yi. Aka tsaya a kan Ɗanlami zai kai ta Ƙofar Durbi, amma da tamfol a rufe da allon, ni kuma in biyo da baƙin fenti, ana shafa fatiha in shafe aikina. Malam Sule kuwa fensir ɗinshi kawai ya mayar bayan kunne ya koma kan zarto.

Bayan an sauko Juma'a na ɗauki akwatin kayana, da gwangwanin baƙi a ciki, na bi su. Lungun ya cika, an shimfiɗa tabarmi, yara na zagaya motar suna shafa taya. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Sannan aka ce Hajiya na fitowa. Tsohuwa ce 'yar firit, fara, da sanda, wata jikanya na riƙe da hannunta. Ta dafa ƙofar motar ta yi addu'arta a hankali, ta zagayo ta baya, sai ta tsaya.

"Mi aka ɓoye nan? Amarya ce?"

Alhaji ya ce, "Ba komai, Hajiya, wani zane ne ya ɓaci, za a gyara."

"A buɗe in gani. Ba na sa wa abu albarka rabi a rufe."

Ɗanlami ya kwance igiya yana gunaguni, tamfol ya faɗi. Ni ina can jikin bango, akwati a hannu, ina neman inda zan shige.

Hajiya ta matsa har hancinta ya kusa taɓa katako, ta ja baya, ta sa hannu ta kare ido. Can ta ce, "Ikon Allah. Sun dawo."

Alhaji ya ce, "Hajiya, fita ce fa. Ga shi har ya waiwayo, shi ya sa..."

Ba ta ko dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunanshi, sai ta ce wa jikanyar, "Gaya wa wancan ya yi mani shiru. Shi yana goye lokacin, mi ya sani?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga sanda tana nunawa.

"Ina shanun? Wa ya taɓa fita kudu ba shanu gabanshi? An sayar. Dibi salkunan, duk sun lafe, ba ko ɗigo. Mai fita salkarshi kamar cikin mai wata tara take. Ga ƙunshi bayan sirdi, goro ne da turmin atamfa, tsarabarmu ke nan. Kuma dibi dawakin, don Allah. Wuya ya sauka, linzami ya yi sako-sako, ba mai jan su ba mai zungurin su, amma kunnuwa duk sun miƙe gaba. Dokin da ya ji ƙamshin gida ke nan. Dokin fita da safe rawa yake, yana cin linzami."

Kun ji fa! Shanu ban sa su ba don ba wuri. Salka kuwa busassa na gani rataye a turken mai dawaki, ita na kwafa. Dawakin kuma ai ban taɓa tsugunawa na kalle su ba sai da yamma, suna komawa turke. Ashe hannuna ya san amsar da bakina ya kasa ba Alhaji.

Ɗanlami ya ce, "Hajiya, a gafarce ni, amma faɗuwar rana fa? Jan nan?"

"Kai direba ne ko?"

"Eh, Hajiya."

"Kana da mata?"

"Da ita."

"To in ka koma ka tambaye ta wane lokaci take kasa kunne ta ji ƙarar motarka. Mu matan fatake jan nan shi ne agogonmu. In ya fito sai a ƙara ruwan tuwo, ko Allah Ya sa yau ne."

Sannan ta kai sandar kan mahayin tsakiya, ta bar ta nan.

"Waiwayen fita haramun ne a wurinsu, gaskiya ne. Amma Malam, maigidana, bai taɓa shiga gari bai waiwaya ba. Shi ne madugu. In an hango gari sai ya ja linzami ya juyo, ya ga kowa ya iso, yaran shanu da ke ƙasa, da mai ɗingishi, da mai zazzaɓi. Yana cewa ba ya shiga ya ci tuwo ɗan wani na daji. Haka yake juyowa, ta kafaɗar nan." Ta sauke sandar. "Wa ya yi zanen?"

Aka turo ni gaba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To Allah Ya yi maka albarka. Amma dokinshi ba baƙi ba ne, ja ne mai farin goshi. Kuma ka ba shi wuya kamar na mahauci, shi siriri ne."

Lungu ya ɗauki dariya, har da Alhaji, yana goge ido da bakin hula. Ni dai na ce an gama. Ina! Ɗanlami ya gyara tawul ya ce, "Ni fa har yanzu da saura. Hajiya ta san su, ta gane. Wanda ke bina a baya a hanyar Zariya bai san su ba. Shi mutane zai gani sun nufi daji. In gida za su, ina gidan?"

Hajiya ta ce, "Dogon nan bai yi ƙarya ba. Ɗan nan, abin da suke fara hangowa in sun taho, kan hasumiyar Gobarau ne. Malam ya ce in ya gan ta sai yunwa ta kama shi."

Hasumiyar da na tashi a gindinta! Ko ido rufe ina zana ta. Na buɗe akwati, na ture gwangwanin baƙin gefe, na jawo turmi na hau. Na haɗa ja da ɗan baƙi da ɗorawa har ya yi kalar jar ƙasa, na ɗauki burushin gashin akuya. Can ƙarshen hanya, daidai tsakanin kunnuwan dokin madugu da kukar nan, na ɗora ta, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Na sa mata haske ta gefen hagu. Na ja hayaƙi siriri biyu-uku a gefenta, na murhun yamma, wanda ke tashi a miƙe in iska ta kwanta. Mutane na bayana, ina jin numfashinsu. Wallahi ina cire hannu duk zanen ya juye. Jan da ya zama jini shekaranjiya ya koma wutar girki. Hanyar da ba ta zuwa ko'ina ta samu inda za ta.

Ɗanlami ya juya ya yi ta tafiya har bakin lungu, daidai nisan da motar da ke biye za ta kasance, ya tsuguna kamar yana zaune a kujerar direba, ya ƙanƙance ido. Duk muna kallon shi. Ya taso ya dawo a hankali, ya sunkuya ya ɗauki tamfol ɗin, ya ninke shi, ya jefa cikin bodi.

"Hurden nan dai jaki ne," in ji shi. "Amma na san inda za su. Alhaji, yaushe ne lodi?"

Alhaji ya ce gobe da safe, yanzu a mayar da ita tasha. Ɗanlami ya kama ƙofa zai hau, sai Hajiya ta ɗaga sanda.

"A'a. Juyo mani bayanta ta wajen zaure. Ku bar ta nan sai an kira magariba."

Aka juya motar. Jikanyar ta kawo mata kujera 'yar tsugunne, ta zauna bakin zaure, sanda a kan cinya, tana fuskantar allon. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mata magana. Na tattara gwangwanayena na bi ta gefe don kada in gitta tsakaninsu.

Ranar Litinin na iske motoci biyu a filin Malam Sule, direbobin na zaune kan benci suna jirana. Na farko ya ce raƙuma yake so. Kafin in taɓa alli na ce mashi, "Tsaya, Oga. Fita za su ko dawowa?"

To ku fa? Na san kun sha zama a bayan babbar mota a hanya, ta hana ku wucewa, ba abin kallo sai allonta. Wane zane ne ya taɓa tsaya maku a rai, kuma mi ya ce maku? In kun biyo ta bayan tasha ku tsaya rumfar Malam Sule ku ba ni labari, ina nan, hannu duk fenti. In ma kun taɓa bin bayan ta Alhaji Lawal, ku gaya mani tsakani da Allah: hurden nan jaki ne?